Waken Kano Da Duniya Ta Taru Ta Karanta

A wannan karon mun ɗan jingine labaran soyayya da na zaman kishi, za mu leƙa tarihi. Tarihin kuwa na wani littafi ne wanda ko ka karaɗe rumfunan masu sayar da littattafai na Bata ba za ka same shi ba, alhali yana cikin kwanon awo a kasuwar Gantsa da ta Shuwarin, yana cikin ƙosan da ake karyawa da shi da safe, yana cikin alalar da ake sauke wa baƙo. Littafin a cikin ƙwayar wake yake, kuma sai da masana na nahiyoyi daban-daban suka yi gayya kafin aka iya karanta shi.

Abin da ya sa ya dace mu san wannan tarihi shi ne, waken da duniya ta zaɓa ta karanta namu ne. Sunansa a takardun masana IT97K-499-35. IT ɗin nan alamar cibiyar IITA ce, 97 shekarar 1997 ke nan, shi kuwa K ɗin da ka gani a tsakiya, Kano yake nufi. Yau mai binciken gadon wake, a Kalifoniya yake ko a Beijin, idan zai auna nasa waken da wannan yake gwada shi. To yaya aka yi waken Kano ya samu wannan matsayi, kuma me manomin Buji ya samu ko zai samu a ciki? Amsar tana da nisa, sai mun koma baya tukuna.

Littafin da ke cikin iri

Manomi bai jira masana ba kafin ya san akwai gado a cikin iri. Tun kaka da kakanni idan an yi girbi, maigida kan ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika ya ɗaure ta daban, ba a taɓa ta ko da yunwa ta matsa, domin ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya rage shi ne sanin inda wannan gado yake ɓoye, da yadda yake bin jini.

A 1865 wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yanzu, ya bayyana sakamakon shekarun da ya shafe yana haɗa auren wani nau'in waken Turawa a lambu, inda ya nuna cewa halaye irin su tsawo da launi suna bin lissafi ne daga iyaye zuwa 'ya'ya. Mutanen zamaninsa ba su kula shi ba, sai a 1900, shekara 16 bayan mutuwarsa, aka tono aikin nasa. A 1953 James Watson da Francis Crick a Kambirij ta Ingila, tare da dogaro da aikin Rosalind Franklin, suka gano siffar sinadarin da ake kira DNA. A 1977 kuma Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta shi.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Jikin kowane tsiro an gina shi da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, a cikin kowane ɗaki akwai wani siririn zare a nannaɗe, shi ne DNA. A jikin zaren an jera sinadarai iri huɗu, waɗanda masana suka yi wa laƙabi da haruffan A, C, G da T. Kamar yadda 'yan haruffan boko suka isa a rubuta duk labaran da muke karantawa, haka waɗannan huɗun suka isa a rubuta umarnin komai na tsiro: tsawon kara, launin ƙwaya, kwana nawa kafin fure, da juriyar ƙishirwa. Kowane umarni guda shi za mu kira ƙwayar gado. Zaren kuma an kasa shi dami-dami, kamar yadda marubuci kan kasa dogon labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, kowane dami masana na ce masa kuromosom. Idan aka haɗa dammunan gaba ɗaya, shi ne kundin gado.

Wahalar ita ce, na'urorin farko ba sa iya karanta fiye da harafi 'yan ɗaruruwa a lokaci guda. Saboda haka sai a samu kwafin zaren masu yawa, a yayyaga su gutsi-gutsi, a karanta kowane gutsure, sannan kwamfuta ta riƙa duba inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan tana liƙawa. Ka ƙaddara an ba ka buhu cike da yagaggun shafuka babu lamba a jikinsu, an ce ka mayar da littafin yadda yake. Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a wancan zamanin ma ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya.

'Yar ciyawar da aka fara da ita

Mai karatu zai yi tsammanin da alkama ko masara za a fara, tunda su ke ciyar da duniya. To amma kundin alkama ya kai harafi wajen biliyan 16, ya ninka na ɗan Adam sau biyar. Yaro ba ya fara karatu da babban littafi. Sai masana suka nemi tsiro mai ɗan ƙaramin kundi wanda za su koyi karatu a kansa, suka kuwa same shi a wata 'yar ciyawa da ke tsirowa a bakin hanya da jikin tsofaffin katangu a Turai da Asiya, sunanta Arabidofsis. 'Yar dangin kabeji ce, ba a cin ta, ba a magani da ita, tsawonta da ƙyar ya wuce taƙi. Amma tana da halaye da suka dace da ɗakin bincike: cikin mako shida ta tsiro ta yi fure ta zubar da 'ya'ya, guda ɗaya na ba da iri dubbai, tana barbarar kanta da kanta, kuma ɗan ƙaramin ɗaki zai ɗauki dubbanta.

Wani likita Bajamushe, Johannes Thal, shi ya fara bayanin ta a rubuce a ƙarni na 16 daga duwatsun Harz. A 1907 wani Bajamushen, Friedrich Laibach, ya ƙirga dammunanta ya ga biyar ne kacal, a 1943 kuma ya ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin tsiron gwaji. Daga irin da Laibach ya tara ne wani masani ɗan Hangari, George Rédei, wanda ya bar ƙasarsa bayan tarzomar 1956, ya tafi da wasu zuwa garin Kolumbiya da ke jihar Mizuri ta Amurka. A can ya ware wani layi guda ya raɗa masa sunan garin. Wannan layi na Kolumbiya shi ne daga baya duniya ta amince a karanta. Ka riƙe wannan a ranka, domin yadda sunan Kolumbiya ya manne wa ciyawar nan, haka harafin Kano zai manne wa wake.

Gayyar 1996

A 1996, shekarar da aka yanke ƙaramar hukumar Buji daga Birnin Kudu aka sa hedikwatarta a Gantsa, wakilan ɗakunan bincike na Amurka da Turai da Japan suka zauna a kusa da birnin Washinton suka ƙulla yarjejeniyar karanta kundin Arabidofsis gaba ɗayansa. Tsarin nasu bai bambanta da gayyar noma da muka sani ba: a raba gona kunya-kunya, kowa ya kama tasa, a haɗu a bakin iyaka. Cibiyar Kazusa ta Japan ƙarƙashin Satoshi Tabata ta ɗauki kaso mai tsoka a dami na uku da na biyar. Cibiyar TIGR ta Amurka ta kama dami na biyu. Ɗakunan binciken Tarayyar Turai, waɗanda Michael Bevan na cibiyar John Innes ta Ingila ya jagoranta, suka haɗu da wasu na Amurka a kan dami na huɗu. Jami'ar Stanford da abokanta suka shiga dami na ɗaya, cibiyar Genoscope ta Faransa kuma ta shiga na uku.

Sharaɗin da ya fi komai muhimmanci a gayyar shi ne babu ɓoyo. Duk abin da aka karanta za a zuba shi a taskar da ke kan intanet, kowa ya ɗauka kyauta, ko ya sa hannu a aikin ko bai sa ba. Sun ɗibar wa kansu wa'adi zuwa 2004, amma da yake hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma na'urori suna ta ƙara sauri, sai ga dami na biyu da na huɗu sun fito a Disambar 1999. Ranar 14 ga Disamba, 2000, mujallar Nature ta buga sakamakon aikin gaba ɗaya. Wannan shi ne karo na farko a tarihi da aka karanta kundin wani tsiro.

Kundin yana da harafi kimanin miliyan 125. A ce kowane littafin hikaya yana ɗauke da harafi dubu 200, to littafi 625 ke nan a cikin 'yar ciyawar da akuya ma ba za ta ƙoshi da ita ba. Sun ƙirga ƙwayoyin gado 25,498, daga baya lissafin ya haura 27,000, alhali na ɗan Adam masu irin wannan aiki kimanin 20,000 ne. Raina kama ka ga gayya. Amfanin wannan karatu shi ne, tsirrai 'yan uwan juna ne, umarnin da ke sa wannan ciyawa ta yi fure ko ta kare kanta daga cuta yana da takwara a jikin shinkafa da wake. Wanda ya iya karatu a ƙaramin allo, in ya ga babban littafi ba zai ruɗe ba.

Shinkafa, dawa da gero

Daga nan sai aka juya kan abinci. A 1998 ƙasashe goma suka ƙulla gayyar shinkafa ƙarƙashin jagorancin Japan, cikinsu har da Amurka, Sin, Indiya, Faransa da Birazil, suka kammala a 2005 da harafi miliyan 389. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin goman nan. A 2009 aka fitar da kundin dawa, mai harafi kimanin miliyan 730, a ƙarƙashin jagorancin Andrew Paterson na Jami'ar Jojiya tare da wata cibiya ta ma'aikatar makamashin Amurka, domin su a can har da neman man mota daga tsirrai ya ja hankalinsu ga dawa. Layin da aka karanta daga jihar Tekzas ya fito.

Gero, wanda shi ne ƙashin bayan abinci a Buji da Kiyawa da Jahun, sai da ya jira har 2017. Cibiyar ICRISAT, mai hedikwata kusa da Haidarabad ta Indiya, mai kuma reshe a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano, ita ta jagoranci aikin tare da cibiyar BGI ta Sin da IRD ta Faransa. Masana 65 daga cibiyoyi 30 suka sa hannu. Sun tarar da kundi mai harafi kusan biliyan 1.8 da ƙwayoyin gado sama da 38,000, kuma sun ga gero yana da yalwar ƙwayoyin da ke haɗa wani kakin da ke shafe jikin ganye, abin da ake dangantawa da juriyarsa ga zafi da fari. A 2018 wani binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a yammacin Sahara, wajen arewacin Mali da Muritaniya, aka fara mayar da geron daji ya zama na gida, shekaru kusan dubu biyar da suka wuce. Wato gero ɗan gida ne na asali. Duk da haka, layin geron da aka karanta daga garin Tifton na jihar Jojiya ta Amurka aka ɗauko shi. A kan wake ne labarin ya sauya.

Wuta-wuta da baƙon Botsuwana

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar ke bi mata. A ƙasar Dutse ana shuka shi ne a tsakanin gero ko dawa, ya ba da ƙwaya ga mutane, ya ba da harawa ga dabbobi da rani, sannan saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. Amma yana da babbar maƙiyiya, wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, guda ɗaya na zubar da dubbai, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Da zarar sun ji ƙanshin sinadarin da saiwar wake ke fitarwa sai su farka, su manne da saiwar, su riƙa tsotse ruwa da abinci tun suna ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga kanta ya ɓullo, ta riga ta gama ɓarna. Noma ba ya maganinta, kuma ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wato gonar talaka.

An kafa IITA a Ibadan a 1967. A wajajen 1990 ta buɗe tasha a Kano, da gonar gwaji a Minjibir, domin wake a Arewa yake ba a kurmi ba. Wanda ya jagoranci tashar shekaru da dama wani Ba'indiye ne, Dakta B. B. Singh. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da masanan cibiyar IAR ta Samaru, sun nemi waken da wuta-wuta ba ta iya kamawa, suka kuwa same shi a inda ba a zata ba: wani waken gargajiya na manoman ƙasar Botsuwana, can kudancin Afirka, wanda aka yi wa lamba B301, wanda kuma masana a Ingila suka gwada suka tabbatar da juriyarsa. Matsalarsa ita ce ƙwayarsa ƙanana ce, launinta kuma ba irin wanda ake so a kasuwarmu ba ne. Mai ƙosai ba za ta saye shi ba.

Sai aka shiga haɗa aure. A ɗauko garin furen wannan a sa wa wancan da hannu, a shuka 'ya'yan a gonar da wuta-wuta ta cika, a zaɓi waɗanda suka tsira, a sake aurar da su da farin wake mai kyan ƙwaya, a sake zaɓe, damina bayan damina. Daga cikin wannan dogon haƙuri ne IT97K-499-35 ya fito: fari, mai nuna cikin kimanin wata biyu da rabi, mai jinin B301 a jikinsa. A 2008 aka sake shi ga manoman Nijeriya da sunan SAMPEA 10, a Gana kuma aka kira shi Songotra.

Yadda aka karanta waken Kano

Da masana suka tashi karanta kundin wake, suna buƙatar layi tsarkakakke wanda duk 'ya'yansa iri ɗaya ne, wanda manoma suka sani, wanda kuma yake ɗauke da halin da ake nema. Waken Kano ya cika sharuɗɗan nan. A 2008 Michael Timko na Jami'ar Bajiniya ta Amurka, da kuɗin gidauniyar Kirkhouse ta Birtaniya, ya karanta gutsattsari sama da dubu 250 daga wuraren da ƙwayoyin gado suka fi taruwa a jikinsa. A 2009 shi da Jianxiong Li suka buga a mujallar Science cewa sun gano ƙwayar gadon da ke kare B301 daga nau'in wuta-wutar Nijeriya da Nijar. Aikinta kamar na maigadi ne: da ta ji baƙuwa ta taɓa saiwa, sai 'yan ɗakunan da ke wurin su mutu, ita kuma wuta-wuta ta rasa abin tsotsa ta bushe. Da suka toshe wannan ƙwaya a gwaji, sai wuta-wuta ta shige ba shamaki. A nan ne 'yar ciyawar Turai ta biya bashinta, domin wannan dangi na masu gadi tun 1994 aka fara gane su, kuma Arabidofsis na cikin tsirran farko da aka same su a jiki. Da aka gan shi a wake, fuska ce da aka riga aka sani.

A 2017 masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, ƙarƙashin Timothy Close, tare da masu kyautata iri na IITA da na Burkina Faso, Gana da Senegal, suka fitar da taswira mai alamomi sama da 37,000 a jikin kundin wake. A 2019 kuma Stefano Lonardi da Close da abokan aikinsu daga Amurka, Finlan, Faransa da Jamhuriyar Cek suka fitar da kundin kansa, ta amfani da sababbin na'urori masu karanta dubban haruffa a ja ɗaya. Sun jera harafi miliyan 519 daga cikin kimanin miliyan 640, a dami 11, da ƙwayoyin gado 29,773. Sun kuma ga wani abin mamaki a dami na uku: wani yanki mai harafi miliyan 4.2 a juye yake a jikin waken Kano idan aka gwada da yawancin wake, kuma a cikinsa akwai wata ƙwaya da aka san tana da alaƙa da wuta-wuta a wasu tsirrai. A 2023 aka ƙara karanta wasu nau'o'in wake shida, cikinsu har da Suvita-2 na Burkina Faso da Sanzi na Gana, aka jera su kusa da na Kano ana duba bambanci.

Me ya iso gona?

Karatu dai ba ya cika rumbu, to ina amfanin? Amfanin farko shi ne rage jira. A da, mai kyautata iri sai ya shuka dubban tsirrai ya jira damina ta nuna masa wanda ya gaji juriya. Yanzu yana iya tsinke ɗan ganye daga tsiro ɗan mako biyu, ya duba alamar a ɗakin bincike, ya san wanda zai riƙe da wanda zai zubar. Da irin wannan dabara, tare da tallafin Kirkhouse, Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta fitar da FUAMPEA 1 da FUAMPEA 2 masu jure wuta-wuta a 2016. A wannan hanyar babu wani baƙon abu da ake sa wa wake, auren gargajiya ne, sai dai an samu fitilar haska zaɓe.

Akwai wata hanyar ta daban da bai kamata a cakuɗa su ba. A Disambar 2019 aka saki SAMPEA 20-T, wanda masanan Samaru ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku suka samar tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostireliya. Shi wannan an aro masa ƙwayar gado ne daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa domin ya kashe tsutsar maruka mai huda kwanso. Masu shi sun ce feshi biyu ya ishe shi maimakon shida zuwa takwas, akwai kuma ƙungiyoyin da ke adawa da irin wannan iri, muhawarar tana nan. Abin lura a tarihinmu shi ne, a jikin SAMPEA 10 aka ɗora wannan hali, wato dai waken nan na Kano.

Sai dai yaƙin bai ƙare ba. Wuta-wuta nau'i-nau'i ce, ta Mali daban, ta Kamaru daban, kuma a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin an samu wadda ke karya garkuwar B301. Abin da ya faru a can babu tabbacin ba zai faru a Gantsa ba. Ranar da hakan ta faru, a ina za a nemo sabon maigadi? A inda aka samo na farko, wato a hannun manoma. Kundi ba ya ƙirƙirar hali, nuna inda hali yake kawai yake yi. Da manoman Botsuwana sun watsar da ɗan wakensu mara farin jini, da babu SAMPEA 10. Saboda haka Kanannado da Ɗan Ila da sauran tsofaffin irin da ke cikin tulunan iyayenmu mata a Kukuma da Ahoto dukiya ce, ko da sabon iri ya fi su yabanya. Da tsohuwar zuma ake magani. IITA tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000 a Ibadan, kuma a 2008 da aka buɗe babbar taskar iri ta duniya a cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard ta ƙasar Norwe, kayanta na cikin na farko da suka isa. Amma irin da ke cikin sanyi a kwance yake, wanda ake shukawa kowace damina shi ke ci gaba da gogayya da fari da ƙwari.

Abu na biyu shi ne wa ke riƙe da alƙalami. Irin daga Kano ya fito, amma karatun a ƙasashen waje aka yi shi, da kuɗin waje. Daga cikin masu ɗaukar nauyin binciken wake a Riverside har da hukumar USAID, wadda gwamnatin Amurka ta rushe a 2025. Wanda ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Alamun sauyi dai sun fara bayyana. Tun 2011 aka kafa wata gamayya mai ɗakin bincike a Nairobi da nufin karanta tsirran Afirka 101 da aka yi watsi da su, kuma an riga an fitar da kundin gurjiya, zogale, gawo da danya. Na'urar karatun da a da sai babbar cibiya ke iya mallaka, yanzu akwai wadda ba ta fi tafin hannu ba. Kundin waken Kano kuwa yana nan a kan intanet kyauta, bisa al'adar da 'yan gayyar 1996 suka bari. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko a cibiyar binciken noman busassun ƙasashe ta Jami'ar Bayero, ko a Samaru, zai iya buɗe shi yau ba tare da neman izinin kowa ba.

Abu na uku shi ne hanyar da ta tashi daga tashar bincike zuwa bakin gona, wadda ita ce mafi gajarta a taswira amma ta fi kowace wuyar bi. Daga Minjibir zuwa Gantsa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Idan manomi bai samu iri na gaskiya a kan lokaci ba, a farashin da zai iya, daga hannun malamin gona da ya san shi, to duk haruffa miliyan 519 ɗin nan ba su tsinana masa komai ba. Wannan kason na hukumar JARDA ne da ƙananan hukumomi da kamfanonin iri da ƙungiyoyin manoma, babu wani masanin Kalifoniya da zai zo ya yi mana shi.

Kunyar Japan ta fita, ta Turai ta fita, ta Amurka ta fita, manoman Botsuwana da Ba'indiyen nan na tashar Kano su ma sun fid da tasu. Wadda ta rage a gonar gayyar nan tamu ce. Mu kwana nan, sai mun sake saduwa.